Mai Digiri da Ɗan Haya: Wa Zai Faɗi Ciwon Unguwa?

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Sherbourne a birnin Toronto ya dubi kudu, abin da zai tare masa ido shi ne dogayen benaye 19 a cunkushe wuri guda, gajeren cikinsu hawa 14, dogon kuma hawa 32. Sunan unguwar St. James Town. Yawancin benayen a shekarun 1960 aka gina su, kuma ba don masu iyali ba. Magina sun yi lissafin samari da 'yan mata ne masu albashi, marasa aure, masu son zama kusa da tsakiyar gari. Har sunayen biranen Kanada aka raɗa wa wasu daga ciki, wannan Halifax, wancan Vancouver, na gaba Winnipeg. Masu albashin ba su daɗe ba suka yi gaba. Waɗanda suka maye gurbinsu baƙi ne daga Filifin, da Tamilawan Siri Lanka, da mutanen Sin da Indiya da Pakistan da Nepal da Habasha, kowa da matarsa da 'ya'yansa, wani ma har da tsohuwarsa, a ɗakunan da aka zana don mutum ɗaya ko biyu.

Ƙidayar hukuma tana cewa mutanen unguwar sun kai wajen 17,000. Mazauna wurin suna cewa an rage, wasu na ambaton 25,000, domin akwai ɗan'uwan da ya sauka jiya yana kwana a falo, akwai kuma wanda takardunsa ba su kammala ba, ba zai buɗe wa mai ƙidaya ƙofa ba. Daga nan zuwa Rosedale, ɗaya daga cikin manyan unguwannin masu hannu da shuni na ƙasar, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kiwon lafiya na Kanada kai. Baƙon da ya sauka a ƙasar yakan zo da lafiyar da ta fi ta haifaffen wurin. Ba abin mamaki ba ne, tunda sai an yi masa gwajin asibiti kafin a ba shi izinin zama, kuma da ma mai ƙarfi a jika ne ke iya tsallaka teku. Abin mamakin shi ne yadda lafiyar ke zagwanyewa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta bi sawun wasu mutane daga 1994 har tsawon shekara takwas, ta tarar cewa sababbin baƙin da ba daga Turai suka fito ba sun ninka haifaffun Kanada wajen bayyana cewa lafiyarsu ta ja baya. Mutum ya baro ƙasar da asibiti ke wahalar samu, ya zo ƙasar da ke alfahari da asibitinta, sai kuma ya fara lalacewa. Me ke cin sa? Aiki ne, ko abinci, ko kaɗaici, ko sanyi, ko kuwa unguwar da rashin kuɗi ya jefa shi ciki?

Wajen shekarar 2007, cibiyar Wellesley, wadda ta gaji sunan wani tsohon asibiti da aka rufe kusa da St. James Town, ta tunkari tambayar ta wata hanya. Maimakon ta aika ɗalibai da takardun tambayoyi su bi ƙofa-ƙofa, sai masu aikin, ƙarƙashin Dakta Nasim Haque, suka sa mazauna 27 suka ɗauki kyamara, kowa ya ɗauko hoton abin da yake gani yana taimakon lafiyarsa ko yana cutar da ita, ya kuma ba da labarin hoton da bakinsa. Daga baya aka tara mutanen unguwar suka rarraba batutuwan da suka fito, suka jera su bisa muhimmanci. Wasu daga cikin masu hoton suka tafi da ƙorafinsu da shawarwarinsu gaban kansilan yankin.

Dabarar ba a Toronto aka ƙago ta ba. Caroline Wang da Mary Ann Burris ne suka fara ta a farkon shekarun 1990 tare da matan ƙauye a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka sa mata suna Photovoice. Su ma a rijiyar Paulo Freire na Birazil suka sha ruwa, malamin yaƙi da jahilci da ya ƙi yarda cewa talaka tulu ne da za a ɗura wa ilimi. Haka Orlando Fals Borda ya yi da manoman Kolombiya. Tushen tunanin ɗaya ne: wanda ake bincike a kansa ya zauna a teburin da ake zaɓar tambaya, ya shiga tattara amsa, ya shiga fassara ta, a kuma yi aiki da ita. A yau irin wannan bincike na haɗin gwiwa da jama'a ya samu gindin zama a jami'o'in Kanada da Amurka, har masu ba da kuɗin bincike kan tambayi mai nema ko da sa hannun al'umma a aikinsa. Samun gindin zaman nan ne ma ya sa gardama a kansa ta yi zafi.

Hujjar farko ta masu goyon baya ita ce mafi ƙarfi, kuma ba ta da alaƙa da tausayi. Suna cewa masani ba ya auna abin da bai san yana nan ba. Misalin da suka fi so ya faru ne a Brooklyn ta birnin New York a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta zo ƙiyasta yawan gubar da mutanen Greenpoint da Williamsburg ke shaƙa da wadda suke ci. A lissafin hukumar, mutanen birni daga kanti suke sayen abinci kamar kowa. Sai 'yan unguwa suka ce a zo a ga bakin kogin East River. Ashe akwai magidanta, da yawansu baƙi ne masu ƙaramin ƙarfi, da ke kafa ƙugiya a gurɓataccen ruwan, suna kai kifin gida a dafa wa yara. Wata ƙungiyar unguwa ce ta tura mutanenta masu jin harsunan masuntan suka zauna da su, suka ji irin kifin da suke kamawa da sau nawa ake ci a mako. Jason Corburn ya ba da labarin a littafinsa Street Science na 2005. Masanan hukumar ba su yi kuskuren lissafi ba. Abin da ya kamata su lissafa ne ba ya cikin takardarsu, kuma da sun shekara goma suna tace alƙalumansu da ba su gano shi ba.

Hujja ta biyu ita ce ta buɗe ƙofa. Baƙo yana da dalilin tsoron mai riƙe da biro da takarda. Wani daga ƙasar da tambaya daga hukuma kan zama mafarin bala'i ya fito. Wani yana jin tsoron kada maganarsa ta kai kunnen mai gidan haya ko ubangidansa a wurin aiki. A unguwar 'yan Sin ta San Francisco, wata ƙungiyar ma'aikata ta haɗa kai da jami'ar Berkeley da sashen lafiya na birnin, aka horar da ma'aikatan gidajen abinci su da kansu suka yi wa 'yan'uwansu 433 tambayoyi. Rahoton da ya fito a 2010 ya nuna cewa rabinsu ana biyansu ƙasa da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka. Mai wanke kwanuka ba zai faɗa wa farfesa wannan ba, amma zai faɗa wa wadda ita ma ta ƙone hannu a irin kicin ɗin. A shekarar da ta biyo baya birnin ya kafa dokar hana cinye wa ma'aikata haƙƙi. Masu shirya binciken sun shigo da tunanin santsin ƙasa da ƙunar mai da yankan wuƙa, ma'aikatan kuwa suka nace cewa albashin da ake danne musu shi ma ciwo ne.

Mai karatu da ya san Accra zai tuna da Old Fadama, unguwar da akasarin mazaunanta 'yan ci-rani ne daga arewacin Gana. Da barazanar tashi ta yi yawa, mazaunan suka ƙidaya kansu gida-gida tare da wata ƙungiya mai tallafa musu, a 2009 suka samu kusan mutum 80,000. Alƙaluman sun ba su bakin magana da hukuma. Ba su dai hana katafila rushe wani ɓangare na unguwar a 2015 ba, kuma wannan ɓangaren labarin shi ne masu suka ke riƙewa.

Masu sukan kashi biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Kashin farko masana ƙididdigar cututtuka ne. Su ba su musanta cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba. Abin da suke cewa shi ne, sanin inda ruwa ke ɗiga daban, sanin ko ɗigar ce ta jawo wa yaro tari daban. Mutum 27 a cikin dubbai ba samfuri ba ne, balle ma ba ƙuri'a ce ta zaɓo su ba, su suka kawo kansu. Wa ke zuwa taron bita da yammacin Asabar? Mai ɗan sarari, mai jin Turanci daidai gwargwado, wanda da ma ƙafarsa ta saba da cibiyar unguwa. Matar da ke goge ofisoshi da dare ta kwana da rana ba ta zuwa. Tsohon da lifta ta lalace ya maƙale a hawa na ashirin ba ya zuwa, alhali shi ne unguwar ta fi cuta. Sannan kyamara abin da ido ke gani take ɗauka. Tana ɗaukar tulin shara da karyayyar taga, ba ta ɗaukar hawan jini, ba ta ɗaukar ƙurar hayaƙin mota mai shiga huhu, ba ta ɗaukar fargabar ƙarshen wata.

Akwai kuma wata tsohuwar matsala da duk mai nazarin unguwa da lafiya ke tuntuɓe da ita. Idan aka ga marasa lafiya sun taru a unguwar talakawa, unguwar ce ta sa musu ciwo, ko kuwa talauci da ciwon ne suka koro su can? Hira da hoto ba za su raba wannan gardama ba. Abin da ya ɗan raba ta shi ne wuraren da ba mutum ne ya zaɓa wa kansa mazauni ba. Daga 1985 zuwa 1994 gwamnatin Suwidin ta riƙa rarraba 'yan gudun hijira a garuruwa ba tare da sun zaɓa ba. A 2016 Justin White da Rita Hamad da abokan aikinsu suka duba bayanan fiye da mutum 61,000 da suka shiga ƙasar tsakanin 1987 da 1991, suka tarar cewa waɗanda aka sauke a unguwannin da suka fi talauci sun fi kamuwa da ciwon suga, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan shekarun zama. A Amurka ma, daga 1994, an yi wa iyalai kusan 4,600 ƙuri'a a birane biyar, wasu aka ba su tallafin haya don su koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Bayan fiye da shekara goma aka ga matan da suka samu damar sun fi sauran tsira daga matsananciyar ƙiba da ciwon suga. Babu wanda aka ba kyamara a cikin waɗannan ayyuka biyu, amma su ne hujjar da ministan kuɗi ba zai iya kau da kai daga gare ta ba.

Wani lokaci ma alƙaluma kan faɗi abin da ido zai ƙaryata. A 2013 Dakta Gillian Booth da abokan aikinta suka fitar da nazarin bayanan lafiya na fiye da mutum miliyan ɗaya a Toronto. Sababbin baƙin da ke zaune a unguwannin da sai da mota ake zuwa ko'ina sun fi waɗanda ke unguwannin tafiya da ƙafa kamuwa da ciwon suga da fiye da kashi 50 cikin 100. Ke nan baƙon da ya yi ta addu'ar barin cunkoson tsakiyar gari, Allah ya buɗa masa ya koma bayan gari inda ga fili ga ciyawa, yana iya zama ya bar wani abu da ke kare shi bai sani ba: tafiyar da yake yi kullum zuwa kanti, zuwa tasha, zuwa makarantar yara. Da an ba shi kyamara, da wuya ya ɗauki hoton wannan a matsayin magani.

Kuma idan aka zo batun ko haɗin gwiwar da kansa yana gyara lafiyar mutane, shaidar ba ta da kauri. A 2004 wata hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta sa aka tace ayyuka 60 na irin wannan bincike, aka tarar kaɗan ne daga ciki suka kai ga kammala wani shiri har suka auna sakamakonsa. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yanzu labaran nasara sun fi ma'aunin nasara yawa.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka lura, sukan yana rusa wata da'awa ce da masu hankali a cikin 'yan haɗin gwiwa ba su yi ba. Ba wanda ya ce hoto 27 zai auna yawan masu ciwon suga. Binciken Suwidin ya tabbatar cewa unguwar talauci tana sa ciwo, amma bai ce wane abu ne a cikin unguwar ba. Rashin aiki ne, ko abincin da ake sayarwa, ko tsoron fita da dare? Kansila ba zai iya gyara "talaucin unguwa" ba, abin da zai iya gyarawa shi ne fitilar titi, da wurin wasan yara, da lokacin buɗe asibitin sha-ka-tafi. Wanda zai nuna masa wanne ne a gaba, yana zaune a cikin benen. Ban da haka, manyan alƙaluman nan suna ganin wanda ke cikin rajista ne kawai. A lardin Ontario, har zuwa 2020, sabon baƙo mai cikakken izinin zama sai ya jira wata uku kafin ya samu katin inshorar lafiya. A watannin nan uku, da shi da wanda ba shi da takarda, duk ba sa cikin kundin da masana ke haƙa. Haka kuma birnin Toronto bai fara tattara bayanan launin fata da kuɗin shiga na masu cutar korona ba sai da ƙungiyoyin lafiya na al'umma suka matsa. Da sakamakon ya fito a Yulin 2020, sai ga shi kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba fararen fata ba ne, alhali irinsu kusan rabin mutanen birnin ne. Masu ƙididdiga ne suka fitar da lambar, amma ba su suka fara neman a ƙidaya ba.

Kashi na biyu na masu suka ya fi wuyar amsawa, domin daga cikin gida suke. Mutane ne da suka yi imani da tafiyar, suka yi aikin, suka ga abin da ke bayan labule. Tun a 1969 Sherry Arnstein ta zana tsani mai matakala takwas na shigar jama'a cikin al'amuran da suka shafe su, ta nuna cewa matakalan tsakiya, na sanarwa da jin ra'ayi da lallashi, ba su wuce cika sharaɗi ba. A 2001 Bill Cooke da Uma Kothari suka fitar da littafin da tun daga sunansa yake tambaya ko shigar da jama'a ba sabon salon danniya ba ne. Abin da suke nufi yana da sauƙin gani. Jami'a ce ta rubuta takardar neman kuɗi, ita ta sa hannu, asusunta kuɗin ya shiga. An riga an yanke tambaya da kasafi da ranar gamawa kafin a kira taron farko na 'yan unguwa. Abin da ya rage musu su zaɓa shi ne kalar bangon rahoto.

Batun "abokan bincike" ma akwai abin dubawa. Su ne 'yan unguwar da ake horarwa su yi tambayoyi, su yi tafinta, su nemo mutane. A Toronto ba abin mamaki ba ne a samu a cikinsu likita ko malamar jami'a da ƙasar ba ta karɓi takardunta ba. Ana ɗaukar ta aikin wata shida, ita ke hawa bene, ita ke jin labarin wadda mijinta ke dukanta da na wanda ya rasa aiki, ta koma gida da nauyin a ƙirji. Idan kuɗin ya ƙare, farfesa ya samu maƙala da ƙarin girma, ɗalibi ya samu digiri, ita kuwa ta samu takardar yabo ta koma neman aikin kanti. Cibiyar Wellesley da kanta ta wallafa nazari a kan wannan a 2010, inda Brenda Roche da Adrian Guta da Sarah Flicker suka bambanta ayyukan da ɗan unguwa mai ba da shawara ne kawai, da waɗanda ma'aikaci ne, da waɗanda cikakken abokin tarayya ne. Duka ukun suna amsa suna ɗaya a takarda.

Sirri ma yana cikin haɗari. Amanar da ke buɗe ƙofa ita ce kuma ke iya rufe baki. Mace za ta gaya wa baƙuwar da ba za ta sake gani ba cewa tana shan maganin ciwon damuwa, amma ba za ta gaya wa 'yar garinsu da suke haɗuwa a ɗakin wanki ko a wurin ibada ba. Kuma kalmar "al'umma" tana ɓoye tsaga da yawa. A bene ɗaya akwai waɗanda yaƙin ƙasarsu ya raba, akwai miji mai magana da yawun matarsa, akwai shugaban ƙungiyar da ya ƙware wajen zama da masu ba da tallafi har ya zama shi ne ƙofar da kowane mai bincike ke bi. Idan ta hannunsa aka nemo mutane, muryar abokansa za a ji. Ga gajiya. Unguwar da ta yi suna takan zama gonar ɗalibai, wannan ya zo bana, wancan baɗi, tambayoyi iri ɗaya. A gabashin tsakiyar birnin Vancouver abin ya ishi mazauna har suka haɗu da wasu masana suka rubuta wa masu bincike ƙa'idojin shiga unguwarsu a 2019. Ga kuma tabon suna: baje kolin hotunan shara da kyankyasai yana iya jawo gyara, yana iya kuma sa mai ɗaukar aiki ya yamutsa fuska idan ya ga adireshin mai nema.

Mafi nauyi a cikin hujjojinsu shi ne na iko. Ranar 21 ga Agustan 2018 wutar lantarkin bene mai lamba 650 a titin Parliament, cikin St. James Town, ta kama da gobara. Mutane kusan 1,500 suka fito da kayan jikinsu, wasu suka kwana a cibiyar unguwa, wasu a otal, wasu a wurin dangi. Ba su fara komawa ba sai a Maris na 2020. A Janairun 2019, tsakiyar hunturu, bututun ruwa ya fashe a wani benen na titin Wellesley, mutane wajen 1,000 suka yi kwanaki ba wuta, ba ruwa, ba na'urar ɗumama ɗaki. Wannan duk bayan shekaru ana nazarin unguwar. Ba a kuma rasa sanin halin da tsofaffin benayen birnin ke ciki ba: a 2011 ƙungiyar United Way ta fitar da rahoton hira da 'yan haya kusan 2,800, wanda ya nuna yawan lalacewar lifta da addabar kyankyaso da kuɗin cizo da ɓera. Ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Wayoyin da ke cikin bango na mai ginin ne. Dokar da ta ba mai gida damar yanka duk kuɗin hayar da ya ga dama da zarar tsohon ɗan haya ya fita, ta gwamnatin lardi ce. Karɓar takardun likitan da ya yi karatu a waje yana hannun hukumomin sana'a. Binciken da ya tsaya a iyakar unguwa yana iya shagaltar da mutane da abin da kansila zai iya yi, su manta da inda aka ɗaure akuyar.

A nan ne ya kamata mai auna hujjoji ya tsaya ya faɗi abin da ya gani. Sukan masu ƙididdiga yana nuna iyakar kayan aiki ne, kuma maganinsa a fili yake: a haɗa biyun, 'yan unguwa su nuna inda za a haƙa, masu alƙaluma su auna zurfin. Sukan 'yan cikin gida kuwa ba a magance shi da ƙarin dabara, domin magana ce ta kuɗi da mallaka. Abin lura shi ne, ayyukan da suka haifar da doka suna da kamanni ɗaya. A San Francisco ƙungiyar ma'aikatan tana nan kafin binciken, tana nan bayansa, ita ta ɗauki rahoton ta kai majalisar birni da jama'a a bayanta. A Toronto ma, tsarin da birnin ya kafa a 2017 na tilasta wa masu gidajen haya masu hawa uku zuwa sama yin rajista da karɓar masu duba gini, ƙungiyoyin 'yan haya irin su ACORN ne suka shekara suna ƙwanƙwasa ƙofofi, suna tattara ƙorafin mambobinsu, suna cika zauren majalisa kafin a samu. Inda bincike ya sauka a hannun ƙungiya mai haƙora, ya yi cizo. Inda aka tara mutane don binciken kawai, sun watse ranar da aka ci abincin rufe taro.

Saura tambayar da ba a warware ba, ta wanda zai riƙe bayanan. 'Yan asalin Kanada sun yi gaba a nan: tun 1998 suka kafa ƙa'idar cewa duk bayanin da aka tattara a kansu nasu ne, su ke da iko da shi, su ke ba da izinin gani, a hannunsu kuma yake zama. A 2021 wasu masana lafiya baƙaƙen fata na Ontario suka fitar da nasu tsarin mai kama da wannan. Amma 'yan asalin ƙasa suna da sarakuna da majalisu da doka ta san da su, akwai wanda zai sa hannu, akwai wanda za a tuhuma. Unguwar baƙi ba ta da wannan. Masauki ce, da yawa daga cikin mazaunanta burinsu su tara abin da za su tara su koma Scarborough ko Mississauga ko Brampton, wasu su maye gurbinsu daga wata ƙasar da wani harshen. Yarjejeniyar da jami'a ta ƙulla da mutanen bana, bayan shekara biyar sai a nemi rabin waɗanda suka sa hannu a rasa, hotuna da faifan hirarsu kuwa suna nan a kwamfutar jami'a, kuma wani sabon ɗalibi yana neman izinin amfani da su.